Ambaliyar Katifu a Gidan Kwamanda

A wani kamfanin katifu da ke bayan babbar tashar mota akwai mutumin da kowa ke kira Kwamanda. Ba soja ba ne, ko gora bai taɓa riƙewa da sunan tsaro ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don a cewarsa umarni yake ba kwamfuta, ba ya lallaɓa ta da linzami kamar sauran jama'a. Aikin da aka ɗauke shi a kai gyaran firinta ne da jan wayoyi, shi ɗin ma ya samu ne saboda yayarsa ce matar mai kamfanin.

Kullum za ka tarar da shi gaban baƙin allo, koren rubutu na ta gudu. Sakatariya ta taɓa tambayarsa abin da yake yi, ya ce da ƙashin bayan na'ura yake magana. Daga baya aka gano sunayen fayilolinsa ne yake sa kwamfutar ta yi ta jerowa.

Ainihin mai kula da tsarin kamfanin wata mata ce da ake kira Injiniya. Ita ta gina hanyar da oda ke bi. In mai saye ya yi odar katifa, saƙon ya faɗa cikin wata magudanar bayanai, daga can ya wuce firintar sito da wayoyin direbobi. Magudanar tana zaune cikin kwantena, wato wani ɗan akwatin manhaja a cikin saba, babbar kwamfutar kamfanin. Ƙananan manhajojin da ke zuba saƙo a cikinta ko su kwasa kuwa ana ce musu konekta.

Da Injiniya za ta tafi hutun haihuwa, ta zaunar da Kwamanda.

"Ka ga magudanar nan, ba ta mantuwa," in ji ta. "Duk odar da aka taɓa yi tun ranar da aka buɗe kamfani tana ciki. Sito da direbobi kowa na da alamar inda ya tsaya da karatu, ita ke hana su komawa baya. Aikinka ɗaya ne. In ka ga jan haske, ka kira ni."

"Haba Anti, ɗan agwagwa ake koya wa iyo?"

"Ni dai ban ga agwagwa ba. Mai firinta na gani."

Ta tafi da mabuɗin sirrinta ba ta ba shi ba.

Ba a jima ba mai kamfani ya tara ma'aikata ya ce wasu manyan baƙi za su zo daga wani ƙaton otal da ake ginawa. Suna neman wanda zai cika musu ɗakuna da katifu, kuma in aka dace da su kamfanin ya haye. Kwamanda ya bi shi har ofis ya rufo ƙofa.

"Yaya, ka san abin da ke burge baƙi a wannan zamani? Ba soso ba ne, ba yadi ba ne. Data ce, wato bayanai. Ka ba ni dama in kafa ƙatuwar talabijin a wurin karɓar baƙi, oda na shigowa suna gani da idonsu. In haɗa sabon konekta, duk wanda ya sayi katifa ya ji saƙo a wayarsa nan take. Su kansu baƙin in sa lambobinsu, suna taka ƙofa wayarsu ta yi musu maraba."

"Injiniya ta ce kada a taɓa komai."

"Ai dole ta ce haka. Wa ke son a gane aikinsa bai wuce layi biyu ba?"

Maganar ta shiga kunnen mai kamfani, don dama ya daɗe yana mamakin abin da Injiniya ke yi tun safe har yamma. Ya buɗe durowa ya ba Kwamanda nasa mabuɗin sirrin, wanda ke buɗe komai, wanda shi kansa bai taɓa amfani da shi ba.

Ranar zuwan baƙi Kwamanda ya sa sabuwar riga ya zo da sassafe. Ya kwafo dogayen umarni daga intanet ya liƙa a baƙin allonsa. Ya iske wuri biyu da ake so a rubuta sunan magudana, inda konekta zai ɗebo da inda zai zuba. Shi kuwa suna ɗaya ya sani, sai ya rubuta shi a duka biyun. Aka tambaye shi yadda za a yi da saƙon da ba shi da lambar waya, ya zaɓi a tura wa kowa da kowa, don shi ba ya son a bar wani a baya.

Sannan ya buɗe wata tagar tura saƙo a allon, irin wadda duk abin da ka rubuta a cikinta kai tsaye magudana yake faɗawa. Ya yi odar gwaji, katifa ɗaya babba, ya sa adireshin gidansa. Ya ruga wurin karɓar baƙi, sai ga sunansa ɓaro-ɓaro a talabijin.

"Sakatariya, taso ki ga ilimi!"

Ta ɗago kai ta duba. "Layi ɗaya? Wannan za ka nuna wa mutanen otal? Sai su ce kai kaɗai ke sayen katifarmu."

Maganar ta soke shi. Da gaskiyarta, safiya ce, ciniki bai kankama ba. Ya koma ya yi ta bincike har ya samo umarnin da ke mai da alamar karatu farkon magudana. Aka tambaye shi alamar wa za a mayar. Bai san sunan da talabijin ke amsawa ba, sai ya zaɓi duka. Kwamfuta ta yi masa gargaɗi da dogon rubutu. Ya ce, "Ni za ki tsorata?" ya danna.

Talabijin ta cika maƙil. Sunaye na gangarowa kamar an ɓalle madatsar ruwa. Kwamanda ya riƙe ƙugu yana kallo. Sakatariya ta saki baki.

Can bayan gini firintar sito ta fara aman takarda ba ƙaƙƙautawa. Baba Mai Sito, dattijon da ke kula da fitar kaya, ya shigo da gudu takarda na naɗe a wuyansa.

"Ranka ya daɗe, kasuwa ta buɗe! Tun da nake a kamfanin nan ban taɓa ganin oda irin ta yau ba!"

Mai kamfani ya fito ya dubi talabijin, ya dubi takardar, ya rungume Kwamanda.

"Ashe dama ciniki na nan, matar nan ce ta toshe shi?"

"Na gaya maka, Yaya. Magudana ce, yasa take so."

Wayoyin direbobi suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. Shugabansu, wani mai baki da ake kira Dogo, ya yi ta buga jikin mota yana kiran masu lodi. Kafin a ce kwabo motoci sun fita a jere, kowace da katifu har sama.

Wayar Sakatariya ce ta fara kawo labari. Ta ɗaga, ta saurara, ta rufe bakin wayar da hannu.

"Yallaɓai, wata mata ce. Ta ce an kawo mata katifar aure."

"To ki ce Allah ya sanya alheri."

"Ta ce auren ya daɗe da mutuwa, kuma gidan tsohon mijin aka kai. Yanzu ya kira ta yana tambaya ko bikonsa take yi."

Ba ta ajiye ba wata wayar ta ɗauki ƙara. Wani mutum ne. An turo wa wayar mahaifinsa saƙo cewa katifarsa na hanya, ya shirya kwanciya mai daɗi.

"To mene ne laifi a ciki?" in ji mai kamfani.

"Ya ce mahaifin nasa ya daɗe da kwanciya inda ba a bukatar katifa."

Mai kamfani ya juyo a hankali ya dubi Kwamanda. Kwamanda ya gyara wuyan riga.

"Ƙananan abubuwa ne, Yaya. Tsohuwar data ce ke fita, kamar dai in ka buɗe famfon da ya daɗe a rufe, sai jan ruwa ya fara zuwa."

Sai tasa wayar ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, an kawo katifa. Allah ya saka da alheri, dama tamu ta lotsa."

"Au, gwaji ne kawai, ki ce su..."

"Tsaya, ga wata motar. Biyu ka saya? Kai, ga ta uku can tana shan kwana. Baban yara, aure za ka ƙara ne ba ka gaya mini ba?"

Ya kashe wayar ya ruga ɗakin sabar. A baƙin allo sunansa ne ke fitowa tsakanin kowane suna da na kusa da shi. Konektan da ya kafa yana ɗebo odarsa daga magudana ya sake zuba ta ciki, ta dawo a matsayin sabuwa, ya sake ɗebowa. Katifarsa guda tana ta haihuwa, 'ya'yan ma suna haihuwa.

Dogo ya dawo ɗaukar wani lodin, ya leƙo yana share gumi.

"Kwamanda, makarantar kwana za ka buɗe ne? Duk yarana unguwarku suka nufa."

"Kauce ka ga aiki. Kwantenar zan kashe gaba ɗaya."

Ya rubuta umarnin kisa ya danna da ƙarfi. Rubutu ya tsaya cak. Ya juyo yana murmushi.

"Ka gani? Umarni ɗaya."

"To wancan da ke motsi a bayanka fa?"

Kwantenar ta tashi. Injiniya ta saita ta ne yadda duk sanda ta faɗi za ta miƙe da kanta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kwamanda ya sake kashe ta, ta sake tashi. Ya kashe, ta tashi.

"Wannan ba kwantena ba ce, mage ce," in ji Dogo. "Ka bar ta, ranta ya fi naka yawa."

Kwamanda ya durƙusa bayan tebur ya fizge wata baƙar waya daga bango. Na'urar sanyaya wurin karɓar baƙi ta mutu. Ya fizge wata, firijin ma'aikata ya yi shiru. Ya fizge ta uku, wannan karon ta sabar ce, amma sabar na da batirinta, sai kawai ta fara kuka tit, tit, tit, tana ci gaba da aikinta.

Daidai nan baƙi suka iso, wata mata mai tabarau wadda ita ce manajar otal ɗin, da wani mai ƙiba da ke kula da sayayyarsu. Mai kamfani ya tare su yana gumi, ya zaunar da su gaban talabijin, don duk wurin nan ne kawai aka jera kujeru.

"Kun ga yadda oda ke shigo mana," in ji shi. "Kai tsaye. Zamani ke nan."

Matar ta gyara tabarau. "Wane ne wannan Kwamandan? Shi kaɗai ya kusa saye kamfanin."

"Babban dila ne," in ji mai kamfani.

A ɗakin sabar kuwa babban dila ya rikice. Tagogi sun yi masa yawa a allo, duka baƙaƙe, duka iri ɗaya. Ya danna ɗaya ya fara rubutu, bai lura ba tagar tura saƙo ce da ya bari a buɗe tun safe.

A talabijin, tsakiyar sunayen masu oda, sai ga wani layi ya fito.

tsaya

Wayoyin baƙin biyu suka yi ƙara tare. Mai ƙiba ya duba tasa. "An ce in tsaya," ya ce, ya miƙe tsaye.

tsaya mana

don Allah don Annabi ki tsaya

"Da wa ake magana?" in ji matar.

"Gaisuwa ce ta na'ura," in ji mai kamfani. "Haka take yi wa manyan baƙi."

Kwamanda ya ga umarni ya ƙi ci, ya ce bari ya tambayi intanet. A tagar dai ya rubuta.

yadda ake kashe konekta da sauri kafin oga ya gane

Sakatariya ta kifa kai a tebur, tana danne dariya. Baba Mai Sito, da ya shigo faɗin cewa sito ya koma fili, ya tsaya yana haɗa baƙi da ƙarfi, don shi bai iya karatu a zuci ba. Mai kamfani ya yunƙura zai nufi ɗakin sabar, matar ta ɗaga hannu.

"Dakata, Yallaɓai. Ga wani na zuwa."

Kwamanda ya yanke shawarar neman Injiniya ta manhajar hira da ke kwamfutarsa. Yatsunsa dai ba su bar tagar nan ba.

Anti ki rufa mini asiri ki ɗaga waya na ɓallo ruwa. Kada ki gaya wa Yaya, shi ba ya gane komai, ko kunna kwamfuta sai na yi masa, zan ce masa laifin tsarinki ne kawai na yau ɗaya

Baba Mai Sito ya karanta shi tsaf har ƙarshe, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wane Yayan ake nufi?"

Saƙon nan kuwa bai tsaya a ɗakin ba. Ya shiga wayar duk wanda ya taɓa sayen katifa a kamfanin, kuma da yake konektan na nan yana juya abin da ya samu, sai ya yi ta sake shiga. Ya je wa matar da aka kai katifarta gidan tsohon miji. Ya je wa yayar Kwamanda tana tsakiyar kitso. Ya je wa Injiniya, wadda ita ma ta sayi 'yar katifar jariri kafin ta tafi.

Wayar Kwamanda ta yi ƙara. Ya ɗaga, kukan jariri ya fara shigowa kafin muryarta.

"Ɗauke hannunka daga kan kwamfutar."

"Anti, ai na kusa..."

"Duka biyun. Sa su a aljihu. Ka sa?"

"Na sa."

"Laifin tsarina ko? Za mu yi maganar."

Daga kan gadonta ta shiga ta wayarta, ta dakatar da konektan, ta mai da alamomi inda suke. Talabijin ta tsaya cak, kuma saƙon Kwamanda ne ya rage a tsakiyarta da manyan baƙaƙe.

Baƙi suka miƙe. Matar ta yi wa mai kamfani sallama cikin ladabi, ta ce za su yi shawara. Mai ƙiba ya ce ko da sun amince ma, bai ga katifar da ta rage da za a sayar musu ba. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Kwamanda ya fito hannuwa a aljihu.

"Kai ne babban dilan?" in ji matar.

"Ni ne shugaban sashen data, ranki ya daɗe."

"Ai mun karanta," ta ce, ta wuce.

Mai kamfani bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, tunda shi ba ya gane komai, abu ɗaya ya gane: duk katifar da ta je gidan Kwamanda, a kan Kwamanda za ta hau mota ta dawo. Ya miƙa hannu ya karɓi mabuɗin ɗakin sabar, ya ba Baba Mai Sito.

Da la'asar Kwamanda ya isa unguwarsu, bai gane layinsu ba. Katifu sun toshe shi daga wannan bango zuwa wancan. Yaran unguwa sun hau can sama suna tsalle suna dirowa. Wasu tsofaffi biyu sun ja guda ƙarƙashin bishiya sun miƙe, ɗaya har da minshari. Mai shagon kusurwa yana faɗa da wani direba saboda an jingine masa katifu a ƙofa, ba mai shiga ba mai fita. Tela maƙwabcinsa ya fito da tef a wuya.

"Maƙwabci, sannu da arziki. Mun ji an ce Yaya ba ya gane komai."

"Kai ma ya zo maka?"

"Ya zo, ya sake zuwa, har batirina ya mutu yana zuwa."

Matarsa na tsaye a kan tarin da ya rufe ƙofar gidansu, da ludayi a hannu. Tun rana take waje. Ta fito karɓar katifar farko ne aka toshe ta da sauran, tukunya na kan wuta a ciki sai da ɗan maƙwabta ya haura katanga ya sauke.

Kwamanda ya ga jama'a sun taru, duk ido a kansa. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Ku dai ba ku san darajar abin da kuka gani ba. A harkar data, babban abin tsoro shi ne saƙo ya ɓace a hanya. To ku duba da kyau. Cikin duk odar nan, ko ɗaya ta ɓace? Kowace ta iso inda aka aike ta. Manyan kamfanoni ma ba kullum suke samun haka ba."

"Ka ji ko," in ji Tela. "Ashe murna ya kamata mu yi."

Sai aka ji hon daga bakin layi. Dogo ne da babbar motar kamfani, shaƙe da lodin da ya ɗauka kafin a tsai da komai. Ya leƙo ta taga yana duban hagu da dama, bai ga ko tafin hannu na fili ba.

"Kwamanda! Ga sauran saƙonka, su ma ba su ɓace ba. Ina zan sauke?"

Kwamanda ya buɗe baki, matarsa ta riga shi daga can sama. Ta nuna shi da ludayi.

"Sauke masa a ka, Dogo. Duk unguwar nan can ne kaɗai ya rage ba komai a ciki."